Lissafin da Ya Dawo da Kumbo Gida

Ranar Talata, 20 ga Fabrairun 1962, hunturu yana shirin bankwana, wani kumbo mai suna Friendship 7 ya ratsa ta samaniyar Kano. Mutum ɗaya ne a cikinsa, John Glenn, Ba'amurke na farko da ya kewaya duniya a sararin samaniya. A ƙasa kuwa, a wajen birnin Kano, akwai tashar da hukumar NASA ta kafa, ɗaya daga cikin tashoshi 18 da aka jera a sassan duniya domin bin sawun kumbon da yin magana da matuƙinsa. Da Glenn ya leƙo ta taga, sai ya shaida wa ma'aikatan tashar cewa yana hango ƙura ta turnuƙe, su kuma suka amsa masa da cewa ai mako guda ke nan iska tana kaɗawa da ƙarfi. Sau uku ya kewaya duniya cikin awa 4 da minti 55, sannan ya faɗa Tekun Atlantika, jirgin ruwan soja ya tsamo shi lafiya lau.

Washegari babu jaridar da ba ta ɗauki hotonsa ba. Abin da jaridun ba su ɗauka ba shi ne, kafin tafiyar, Glenn bai saki jiki da alƙaluman da sabuwar kwamfutar IBM ta fitar ba. Na'urar baƙuwa ce a lokacin, takan tsaya cak ana tsakiyar aiki. Sai ya nemi a ba wata ma'aikaciya alƙaluman ta sake bin su da hannu, in ta ce daidai ne, shi ya shirya. Kwana ɗaya da rabi ta yi tana fama da fensir da ƙaramar na'urar lissafi ta kan tebur, amsarta ta zo daidai da ta kwamfuta. Sunan matar Katherine Johnson, baƙar fata, mai shekara 43 da 'ya'ya mata uku, a jihar Virginia inda har a lokacin baƙi da farare ba sa haɗa makaranta a wurare da yawa.

In aka zo maganar mata da jiragen sama, an fi son a jero sunayen na farko: ta farko da ta tuƙa jirgi, ta farko da ta je sararin samaniya, ta farko da ta zama kyaftin. Jerin yana da daɗin ji, amma ba ya gaya wa uba ko malami ko kwamishina abin da zai yi gobe da safe. Tambayar da ke da amfani ita ce: ta wace hanya 'yar ƙauye irin Katherine ta bi har ran mutum ya rataya a kan fensirinta? Wa ya biya? Wa ya koyar? Wace ƙofa ce ta buɗe, kuma ta zauna a buɗe?

Wane irin lissafi ne?

Kumbon da ke kewaya duniya yana gudun kimanin kilomita 28,000 a awa, wato kusan kilomita 8 a kowane sakan. Ita kuma duniya ba a tsaye take tana jiransa ba, juyawa take yi a ƙarƙashinsa. Kafin ya gama kewaye ɗaya cikin kusan awa ɗaya da rabi, garin da ya bari ya riga ya gusa gabas da nisa. To ga jiragen ruwa can a teku suna jira a wani keɓantaccen wuri. Yaushe za a kunna rokokin da za su rage wa kumbon gudu har ya faɗo kusa da su? Kamar mutumin da ke cikin jirgin ƙasa ne, yana so ya jefa wa ɗan'uwansa tsaraba a tashar da jirgin ba zai tsaya ba: dole ya saki ƙunshin tun kafin ya iso. Glenn ya kunna rokokinsa ne yana dab da gaɓar Kalifoniya, a yammacin Amurka, domin ya sauka a teku ta gabashinta. Kuskuren 'yan sakanni kaɗan ya isa ya kai shi nesa da masu ceto.

Dabarar Katherine ita ce ta fara daga ƙarshe: a gaya mata inda ake so kumbon ya sauka, ita kuma ta bi lissafin da baya da baya har ta fitar da lokacin tashi da kusurwar da zai bi. Haka ta yi wa tafiyar Alan Shepard ta minti 15 a watan Mayun 1961. Tun a 1960 ita da wani injiniya, Ted Skopinski, suka wallafa rahoton da ya shimfiɗa wannan lissafi, kuma shi ne karon farko da aka sa sunan mace a matsayin marubuciya a sashen da take aiki. Daga baya ta sa hannu a lissafin haɗuwar ƙaramin kumbon da ya sauka a kan wata da babban da ke jiransa a sama, a shirin Apollo. Ta yi ritaya a 1986 bayan shekara 33 tana aiki, da rahotannin bincike 26.

Aikinta na farko ma bai shafi sararin samaniya ba. An ba ta bayanan wani ƙaramin jirgi da ya faɗo ana zaune ƙalau, babu hadari babu iska. Ta yi ta bin alƙaluma har aka gano cewa wani babban jirgi ne ya gifta ta wurin kafin shi, ya bar iska tana murɗawa a bayansa. Irin wannan bincike ne ya sa a yau ake barin tazara tsakanin jirgi da jirgi, a sama da kuma lokacin tashi. Duk wanda ya taɓa zama cikin jirgi a bakin titin tashi ana jiran wanda ya riga su ya yi nisa, ya ci moriyarsa ko bai sani ba.

Uban da ya ɗauke gidansa

An haifi Katherine a 1918 a White Sulphur Springs, wani ƙaramin gari a jihar Virginia ta Yamma, ita ce auta a cikin 'ya'ya huɗu. Mahaifiyarta, Joylette, ta yi aikin koyarwa. Mahaifinta, Joshua Coleman, noma yake yi da saran katako, daga baya ya kama aiki a wani babban otal na garin. Karatunsa bai wuce aji shida ba. A gundumarsu, makarantar gwamnati ta 'ya'yan baƙar fata a aji takwas take tsayawa. Daga nan sai gona ko aikatau.

Joshua bai yarda ba. Sakandaren da za ta karɓi 'ya'yansa tana garin Institute, tazarar kusan kilomita 200. Bai ɗauki yarinya ƙarama ya tura ta ita kaɗai ba, bai kuma ce nisa ya yi yawa a haƙura ba. Gida ya kama musu a can, uwar ta tare da yaran duk lokacin zangon karatu, shi kuma ya tsaya a gida yana aiki yana aika musu abin sawa a baki, sai an yi dogon hutu iyali su haɗu. Shekara da shekaru suna haka har yaran huɗu duka suka yi karatun kwaleji. Katherine ta shiga sakandare tana da shekara 10, ta gama tana da 14, ta kammala digiri a fannin lissafi da Faransanci a 1937 tana da shekara 18.

A sakandaren da kwalejin ta gamu da malamai biyu da suka gane abin da Allah ya ba ta. Ɗaya mace ce, Angie Turner King, masaniyar lissafi da kimiyyar sinadarai. Ɗayan shi ne W. W. Schieffelin Claytor, baƙar fata na uku da ya sami digirin dakta a lissafi a Amurka. Da Katherine ta cinye duk darussan lissafin da kwalejin ke da su, Claytor bai ce ta jira 'yan ajinsu ba, sai ya ƙirƙiro mata sababbi, har da wanda ya shafi auna siffofi da layuka a sarari. Ba shi ba ita, babu wanda ya san cewa bayan shekara 20 da wani abu da wannan darasi za a auna hanyar kumbo.

Aure, goyo da komawa

A nan ne labarin ya fi kusa da gidajenmu. Katherine ta fara da koyarwa, domin kusan shi ne kawai aikin da mace baƙa mai digiri za ta samu. Ta yi aure a 1939. An zaɓe ta cikin baƙaƙe uku na farko da aka buɗe wa sashen babban digiri na jami'ar jiharsu, amma ba ta daɗe ba ta ajiye karatun ta koma ɗakinta. Ta haifi 'ya'ya uku, ta raine su, sannan ta koma aji tana koyarwa. Sai a 1952, a wajen wani taron dangi, ta ji cewa cibiyar binciken jiragen sama ta Langley da ke garin Hampton tana ɗaukar mata baƙaƙe masu lissafi. Mijinta, James Goble, ya yarda suka kwashe iyali suka koma can kusa. Ta fara aiki a watan Yunin 1953 tana da shekara 34. Bayan shekara uku da rabi mijin ya rasu, ta ci gaba da aiki tana riƙe da marayu.

Ke nan shekara 16 ne tsakanin digirinta da ranar da ta zauna a teburin da ya dace da ita. Abu biyu suka sa shekarun ba su binne ta ba: ta riga ta gama karatu mai kauri kafin aure, sannan da ta waiwayo, ta tarar da wurin da bai ce mata shekarunta sun wuce ko 'ya'yanta sun yi yawa ba.

Ita ma wannan ƙofa ba haka kawai ta buɗe ba. Langley ta fara ɗaukar mata farare aikin lissafi a 1935. A 1941, bayan matsin lambar shugaban 'yan ƙwadago A. Philip Randolph, Shugaba Roosevelt ya sa hannu a dokar da ta hana wariyar launin fata a masana'antun tsaro. Yaƙin Duniya na Biyu ya kwashe maza, ga jirage ana ƙerawa ba dare ba rana, don haka daga 1943 aka fara ɗaukar baƙaƙe. An ware su a wani gini dabam, da banɗakinsu dabam da teburin cin abincinsu dabam. Buƙata ce ta buɗe ƙofar, ba tausayi ba. Amma da a ce ranar da ta buɗe babu matan da suka riga suka iya lissafi, da wa za a ɗauka?

Mata biyu da suka riƙe ƙofar

Dorothy Vaughan malamar lissafi ce a wata sakandare a Farmville kafin ta zo Langley a 1943. Uwar 'ya'ya shida ce. A 1949 ta zama shugabar sashen mata baƙaƙe, baƙar fata ta farko da ta riƙe irin wannan muƙami a cibiyar. Ita ce ta tura Katherine sashen binciken tashin jirage mako biyu da fara aikinta. Da Dorothy ta ga an fara shigo da manyan kwamfutoci, ta gane cewa kwanakin lissafin hannu ƙidayayyu ne. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ta koyi FORTRAN, harshen da ake ba na'urar umarni da shi, ta kuma koya wa matan da ke ƙarƙashinta. Da aka rushe sashensu a 1958, na'urar da aka zaci za ta kore su ita ce ta zama sabon aikin da yawa daga cikinsu.

Mary Jackson kuwa 'yar Hampton ce, ta zo a 1951. Wani injiniya, Kazimierz Czarnecki, ya ɗauke ta aiki a ramin da ake hura iska mai tsananin gudu domin gwada samfurin jirage, ya kuma ba ta shawarar ta yi karatun da zai sa ta zama injiniya. Darussan da dare ake yin su, a wata sakandare ta farare zalla. Sai da ta rubuta wa hukumomin birni takardar neman izini kafin ta taka ajin. A 1958 ta zama injiniya mace baƙa ta farko a NASA. Bayan shekara 21, da ta ga ta kai inda ba za a ƙara mata girma ba, ta yarda aka rage mata matsayi domin ta koma ofishin da ke kula da ɗaukar mata aiki da ƙarin girmansu. A yau sunanta ne a jikin hedikwatar NASA da ke Washington.

Duk wannan ya daɗe a ɓoye. Sai a 2015 Shugaba Obama ya rataya wa Katherine babbar lambar yabon farar hula ta Amurka, tana da shekara 97. A 2016 littafin Margot Lee Shetterly mai suna Hidden Figures da fim ɗin da aka yi da shi suka bayyana wa duniya matan. Dorothy da Mary sun riga sun rasu. Katherine ta bi su a 2020 tana da shekara 101.

Ta farko da ta biyu

Yanzu a dubi ɗaya ɓangaren. Ranar 16 ga Yunin 1963 Tarayyar Sobiyet ta harba Valentina Tereshkova, ma'aikaciyar masaƙa mai shekara 26 da ta ƙware a dirowa da laima. Ta kewaya duniya sau 48 cikin kusan kwana uku, ta fi dukkan 'yan sama jannatin Amurka na lokacin daɗewa a sama in an haɗa nasu wuri guda. Jarumtarta ba abin musu ba ce. Amma mata biyar aka horar, kuma sauran huɗun babu wadda ta tashi har aka rushe rukuninsu a 1969. Sai bayan shekara 19, a 1982, aka sake tura mace, Svetlana Savitskaya, a daidai lokacin da aka ji Amurka na shirin tura tata. Tarayyar Sobiyet ba ta rasa mata injiniyoyi da likitoci ba. Abin da ake nema shi ne a riga abokin gaba, da aka riga shi sai aka mayar da ƙofa aka rufe. Har yau matan Rasha da suka je sararin samaniya ba su kai goma ba.

Amurka ma ba ta tsira daga zargi ba. A farkon shekarun 1960 matuƙa mata 13 sun ci gwajin lafiya irin wanda aka yi wa su Glenn, amma ƙa'ida ta ce sai wanda ya tuƙa jirgin yaƙi na gwaji, alhali soja ba ya ba mace wannan aiki. Ɗaya daga cikinsu, Wally Funk, sai a 2021 ta leƙa sararin samaniya a kumbon 'yan kasuwa, tana da shekara 82. Abin da ya sauya lamarin shi ne sauya ƙa'idar kanta. A 1978 aka buɗe gurbi ga masana kimiyya da likitoci da injiniyoyi, aka ɗauki mata 6 cikin mutum 35. Sally Ride ta tashi a 1983, Mae Jemison, likita baƙar fata, a 1992, Eileen Collins ta jagoranci kumbo a 1999. Amurka ta makara da shekara 20, amma matanta da suka je sama sun haura 50. Ashe ba ta farko ce ma'auni ba. Ma'aunin shi ne tsawon lokacin da aka ɗauka kafin ta biyu da ta goma su biyo baya.

Kada kuma a ɗauka kujerar matuƙi ce kaɗai aiki. Kimanin mutum 400,000 ne suka yi wa shirin Apollo hidima, 12 kawai suka taka wata. Margaret Hamilton ce ta jagoranci masu rubuta manhajar kwamfutar cikin kumbon. Rigunan da aka sa a kan wata kuwa, masu rufi har 21, teloli mata ne suka ɗinka su a jihar Delaware, inda ɗinki ɗaya da ya kauce zai iya zama ajalin mutum.

Ba harkar Turawa kaɗai ba ce

Mai cewa wannan al'adar wasu ce, ya dubi Masar. A 1933 Lotfia Elnadi ta karɓi lasin tuƙin jirgi a Alƙahira, bayan ta yi aikin sakatariya da amsa wayar tarho a makarantar tuƙin a madadin kuɗin makaranta. A Indiya, Ritu Karidhal tana cikin jagororin aikin kumbon da ya isa duniyar Mars a 2014 a gwajin farko. A Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, Sarah Al Amiri ce ta jagoranci ɓangaren kimiyya na kumbon da ya isa Mars a 2021. A watan Mayun 2023 Saudiyya ta tura Rayyanah Barnawi, mai binciken ƙwayoyin halitta, zuwa tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa.

A gida ma ba baƙon abu ba ne. Kwalejin Fasahar Sufurin Jiragen Sama tana Zariya tun 1964. A nan Chinyere Kalu ta yi karatu ta zama mace ta farko mai tuƙa jirgin kasuwanci a Nijeriya, daga baya ta shugabanci kwalejin. Blessing Liman, 'yar jihar Kaduna, ita ce matuƙiya ta farko a rundunar sojan sama ta Nijeriya, Ouma Laouali kuma ta kafa irin wannan tarihi a Nijar a 2015. Mun sami na farkonmu. Tambayar Tereshkova ce ta rage mana: ina na biyu, ina na goma, kuma nawa ne a cikinsu suka fito daga ƙauyukan da ke kewaye da Zariyar?

Abin da ya rage namu

Darasi na farko, a san inda ake asarar yarinya. A garin su Katherine aji takwas ne bakin rami. A ƙauyukanmu da yawa bakin ramin shi ne ƙarshen firamare ko ƙaramar sakandare, domin babbar sakandare mai malamin lissafi da fiziks tana hedikwatar ƙaramar hukuma ko gaba da nan. A aji ɗaya na babbar sakandare ake raba ɗalibai zuwa kimiyya da sauran fannoni. Yarinyar da ba ta shiga ajin kimiyya a wannan shekarar ba, an rufe mata tuƙin jirgi da injiniyanci da likitanci tun tana da shekara 15, sau da yawa ba tare da kowa a gidansu ya san an yanke wani hukunci ba.

Na biyu, tsoron iyaye gaskiya ne, kuma ba wa'azi ke maganinsa ba. Bayan sace ɗalibai mata a Chibok a 2014 da Dapchi a 2018, wadda ma makarantar kimiyya da fasaha ce ta 'yan mata, da Jangebe a 2021, babu mai hankalin da zai zargi uban da ya yi ɗari-ɗari da makarantar kwana. Amma Joshua Coleman ma yana da abin tsoro, ya kuma nemo hanyar da 'yarsa za ta yi karatu a gaban idon uwarta. Ba kowa ke da halin kama gida biyu ba. Sai dai muna da abin da shi ba shi da shi: gwaggo a birni, kawu a bakin makaranta, al'adar riƙo da zumunci. Nauyin gwamnati kuma shi ne ta kawo makarantar jeka-ka-dawo kusa, ta tsare waɗanda ke akwai.

Na uku, malami. Haziƙar yarinya a ajin da babu malamin lissafi ba ta da yadda za ta nuna kanta. Mun ma taɓa gwada maganin wannan a gida. A 1977 jihar Kano ta kafa sakandaren kimiyya a Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, aka tace ɗalibai da jarrabawa, aka zuba malamai da kayan aiki, daga baya aka buɗe ta 'yan mata a Taura. Likitoci da injiniyoyin da suka fito daga waɗannan makarantu suna nan a asibitoci da jami'o'i ana ganinsu. Abin da ya yiwu a lokacin zai yiwu yanzu.

Na huɗu, kada aure ya zama ƙarshen magana. Nana Asma'u ta gane wannan tun ƙarni na 19, da ta tsara 'Yan Taru, malamanta mata, wato jajinta, suna kai karatu har ɗakunan matan aure a ƙauyuka. Makarantun matan aure, karatun yamma da Buɗaɗɗiyar Jami'a duk jikokin wannan tunani ne. Abin da ya rage shi ne su koyar da lissafi da kimiyya na sosai, ba yaƙi da jahilci da ɗinki kaɗai ba, sannan ma'aikatu su daina sa iyakar shekarun da ke kore macen da ta tsaya raino.

Wani zai ce mu da ke fama da abinci da tsaro, ina ruwanmu da kumbo? Ai ba kumbo ake cewa mu ƙera gobe ba. Lissafin nan shi ne na mai hasashen damina da manomi ke jira, na mai ba jirgin alhazai hanya daga hasumiya, na mai karanta hoton tauraron ɗan'adam domin gano inda ambaliya za ta bi, na mai auna maganin jariri. Al'ummar da malamanta suka raya ilimin rabon gado da na hisabi ba za ta ce lissafi baƙo ne a gidanta ba.

Saboda haka, ya kai uba, idan kana da 'yar da malamai ke cewa kanta yana ja a lissafi, ka je makarantar da ƙafarka ka tambaya wane aji za a sa ta, kuma wa zai koyar da ita. Miji, idan matarka ta ajiye karatu saboda gidanka, ka tambaye ta ko tana son komawa. Malami, ka ƙara wa mai saurin ganewa aiki, kada ka sa ta jira. Masu mulki kuma, kafin ku shirya bikin karrama mace ta farko, ku ƙirga manyan sakandaren 'yan mata nawa ne a jiharku ba su da malamin fiziks, ku fara cike wannan gurbi a zangon karatu mai zuwa.